Gishirin Ramla da Kwaɗin Tsohuwar Tur'a

Godiya ta tabbata ga Allah wanda bai halicci komai don wasa ba, babba ko ƙarami, mai tafiya a tudu ko mai zama cikin laka. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

A ƙasar Sudan, yamma da garin Managil, akwai wani ƙauyen Hausawa da ake kira Hillat Gado. Kakannin mutanensa sun baro ƙasar Sakkwato da niyyar aikin Hajji, hanya ta tsayar da su a Jazira, suka zauna suna noman auduga da dawa da gyaɗa a bakin tur'a, wato magudanar da ke kawo ruwan Nilu zuwa gonaki. Gabas da masallacin ƙauyen akwai wata tsohuwar tur'a da bakinta ya toshe da laka tun shekaru masu yawa, ta yanke daga sauran, ta koma kududdufi mai zaman kansa. Babu mai ban ruwa da ita, babu mai wanki a cikinta. Kwaɗi ne kawai suka mallake ta.

Waɗannan kwaɗin ne suka dawo da Muhsina gida a ƙarshen damina. Muhsina ɗiyar marigayi Usmanu ce, tana karatun digiri na biyu a Wad Madani, kuma bincikenta a kan ƙwayoyin gado na kwaɗin Jazira yake, wato rubutun da Allah ya sanya cikin jikin kowane mai rai, wanda ɗa ke karɓa daga iyayensa. Ta riga ta ɗebo samfuri daga tur'a shida. Wannan ce ta bakwai, kuma a kanta aikin duka ya dogara, domin kwaɗinta sun daɗe a ware ba su cuɗanya da na waje. Sai labari ya iske ta cewa ranar Alhamis karaka za ta zo, injin nan mai dogon hannu da ke yashe laka, za ta buɗe bakin tsohuwar tur'ar ta haɗe ta da babba. In aka haɗe, kwaɗin ciki da na waje za su gauraya, babu mai sake tantance su. Malamarta, Duktura Samira, ta gaya mata a fili cewa lokacin karatunta ba zai kai wata damina ba.

Ta iso ranar Lahadi a bayan tarakta, domin ruwan sama ya mai da hanyar Managil taɓo, mota ba ta shiga. A jakarta akwai tsinkaye masu auduga a kai, da ƙananan kwalabe arba'in, da manyan kwalabe biyu na sibirto, ruwan nan mai ƙarfi da ake tsoma samfuri a ciki don kada ya ruɓe.

Ranar Litinin da hantsi ta tafi duba kududdufin. Mahaifiyarta Ramla ta shiga share ɗaki, ta ga kwalabe biyu a ƙarƙashin gado an naɗe su da tsumma. Ta buɗe ɗaya ta kai hanci. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Wannan warin ta san shi. Ta taɓa jin sa daga bakin wasu 'yan ƙodago da suka zo tsinkar auduga, waɗanda dattawa suka kora daga ƙauye a ranar da aka gane giya suke sha. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɓoye kwalaben cikin mayafinta, ta zagaya bayan gida, ta tuttule su cikin masai har ɗigon ƙarshe, ta wanke hannunta da sabulu da ƙasa, sannan ta nufi gidan liman tana hawaye.

Limamin ƙauyen, Malam Sharfuddeen, ƙanin marigayi mijinta ne. Yana zaune a rumfa yana duba wani littafi sa'ad da ta shigo ba tare da ta gama sallama ba.

Ta ce, "Malam, amanar ɗan'uwanka ta lalace a hannuna. Giyar araƙi na samu ƙarƙashin gadon Muhsina. Kwalba biyu! Ko 'yan kasuwar bayan gari ba su ajiye biyu."

Malam ya rufe littafin a hankali. Ya ce, "Ramla, kin gan ta tana sha?"

"Sai na jira na gani?"

"Kin tambaye ta?"

"Na zubar dai."

Ya ce, "To, kin yanke hukunci, kin zartar, sannan kin zo wurin alƙali. Tun zamanin yayana haka kike." Ya leƙa ta katanga ya roƙi wata maƙwabciya ta kira masa Muhsina.

Da Muhsina ta ji abin da ya faru, ba ta ɗaga murya ba, domin tarbiyya ta hana, amma fuskarta ta sauya har mahaifiyar ta kau da kai. Ta durƙusa a gefen tabarma ta ce, "Baffa, Allah shi gafarta maka, ba abin sha ba ne. Wanda ya sha shi asibiti za a kai shi. Da shi nake tsare abin da na ɗebo daga jikin kwaɗi. In babu shi, kwana biyu cikin zafin nan komai ya ruɓe. Ba a samun irinsa sai Madani, hanya kuwa ka ga yadda take. Kafin in je in dawo, karaka ta gama aikinta."

Ramla ta ce da ƙaramar murya, "To mi ya sa kika naɗe shi da tsumma kamar kayan sata?"

"Don kada ya fashe a tarakta, Inna."

Malam ya shafa gemunsa, sannan ya ce, "Zancen kwalba ya wuce. Abin da aka tanada don aikin ilimi, ba don maye ba, ba na tuhumar mai shi. Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi a wurina, kuma ba zan ɓoye miki ba. Kin san an hana mu kashe kwaɗo. Halitta ce mai yawan tasbihi. In aikinki sai an yanka su, to ko da sibirton Madani duka aka kawo, ba zan ce miki je ki ba."

Muhsina ta buɗe jakarta ta fito da tsinke ɗaya mai auduga. Ta ce, "Ba na kashe ko ɗaya, Baffa. Da wannan nake shafa bayansa da cikin bakinsa, sannan in sake shi ya koma ruwa. Abin da ya manne a audugar ya ishe ni."

"Wannan ɗan abin? Cikinsa za ki karanta asalinsa?"

"Da na uwarsa da na ubansa, in Allah ya yarda. Kai da ido za ka ce duk kwaɗi ɗaya ne. Amma a rubutun da ke cikinsu, da wuya ka sami biyu da suka zo daidai. Yawan bambancin nan shi ne garkuwarsu. In ciwo ya sauka, ko maganin feshi ya shiga ruwa, wasu su mutu, wasu kuma Allah ya sa a jikinsu abin da za su jure da shi, zuriya ta ci gaba."

Malam ya daɗe yana duban tsinken. Ya ce, "Subhanallahi. Saɓanin harsunanmu da launukanmu aka ce mana aya ne, ashe har cikin kududdufi ayar take. Je ki yi aikinki, ɗiyata. Saura mu ga yadda za a gyara ɓarnar wannan alƙaliyar."

A Hillat Gado waya ba ta kamawa sai an hau tudun babbar tur'a. Can Muhsina ta je ta kira Duktura Samira. Malamar ta saurara, ta yi salati, sannan ta yi tunani ta ce akwai hanya guda. In aka busar da audugar aka binne ta cikin gishiri busasshe, gishirin zai tsotse danshi ya hana ruɓa har a iso ɗakin bincike. Amma sharaɗi ne ya zama tsarkakakke. Gishirin kasuwa ba zai yi ba.

Muhsina ta dawo gida ta buɗe buhun gishirin da ke madafa. Irin na bakin teku ne da ake saye a Managil, toka-toka, da yashi a ciki, yana danƙo a hannu saboda danshi. Ta ɗanɗana, ta ji ɗacin da ke bayansa. Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi.

Ramla ta tsaya a kanta ta ce, "Mi ke damun gishirin?"

"Datti, Inna. Da wani abu mai ɗaci da ke jawo ruwa. Ni kuwa mai kore ruwa nake nema."

"Tace shi ake so?"

"Ba ni da kayan tacewa a nan."

Ramla ta gyara ɗaurin zanenta. Ta ce, "Ke ce ba ki da su. Ni shekara arba'in ina tace toka a gidan ga, ba a taɓa samun ƙwayar yashi cikin miyata ba. Tashi daga kan turmina."

Ta ɗauko tukunyar nan mai huda a gindi da take tace ruwan toka da ita, ta wanke ta sau uku, ta shimfiɗa sabon farin ƙyalle a ciki. Ta narkar da gishirin cikin ruwan zafi har ruwan ya ƙi karɓar ƙari, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ta cikin ƙyallen. Ta maimaita har ruwan ya fito garau. Sannan ta zuba shi a faffaɗan faranti ta ɗora kan garwashi. Muhsina ta so ta ƙara itace don a yi sauri, uwar ta buge mata hannu.

"Jami'a ba ta koya muku haƙuri ba? Wuta kaɗan."

Bayan la'asar sai wani farin abu ya fara tsatsafowa a fuskar ruwan yana nutsewa ƙasa. A nan Muhsina ta karɓi ragama. Ta ce a kwashe na farkon nan da cokali mai huda, a zubar da ruwan da ya rage tun bai ƙafe ba, domin ɗacin duka a cikinsa ya tsaya. Ramla ta ji zafin zubar da ruwan gishiri, ta ce almubazzaranci ne, amma ta zubar. Suka gasa abin da suka kwashe a kasko mai tsabta har ya bushe ƙayau, yana zuba daga hannu kamar yashin rani.

Malam Sharfuddeen ya biyo ta gidan kafin magariba don ya ji inda aka kwana. Muhsina ta barbaɗa gishirin a kan baƙin ƙyalle, ta miƙa masa gilashinta mai ƙara girman abu. Ya kara a idonsa, ya sunkuya, sai ya ɗago da sauri ya dube ta.

"Wa ya sassaƙa su?"

"Babu kowa, Baffa. Haka suke fitowa."

Ya sake dubawa. Kowace ƙwaya tana da fuska shida da kusurwoyi a miƙe, babba da ƙarama duk siffa ɗaya, kamar siffar Ɗakin Ka'aba.

Muhsina ta ce, "Gishiri zarra iri biyu ne, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su. In ruwa ya fara ƙafewa sai su jeru, wannan kusa da waccan, waccan kusa da wannan, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, ba mai shiga wurin wata. Jerin nan na ciki shi ke fitowa waje ka ga kusurwa. Shi ya sa kuma ya tsarkaka. Baƙuwar zarra da girmanta bai dace da gurbin ba, da wuya ta sami wurin tsayawa, sai a bar ta cikin ruwa."

Malam ya ce, "Sahu ke nan. Kafaɗa da kafaɗa, ba a bar giɓi ba." Ya juya ga Ramla. "Shekara talatin ina faɗa da mutanen ƙauyen ga su daidaita sahu, ashe gishirin madafarki ya riga su."

Ramla ta ce, "Shi ai bai da liman mai dogon karatu, shi ya sa ba ya gajiya da tsayuwa."

Malam ya yi dariya har ya share ido. Sannan ya natsu ya ce, "Dubi ikon Ubangiji. Wannan ya tsare shi ta hanyar daidaita shi, ƙwaya dubu siffa ɗaya. Wancan ya tsare shi ta hanyar saɓa shi, kwaɗo dubu ba biyu ɗaya. Kuma yau ya hore ɗayan ya yi wa ɗayan hidima."

Ranar Talata aka ci gaba da dafa gishiri, domin na farko kwalba goma sha biyu kawai ya cika. Muhsina ta fita ita kaɗai da 'yar ragarta bayan sallar asuba, ta yini tana faɗawa cikin laka, ta dawo da samfuri shida. Kwaɗin tsohuwar tur'a ba su saba da mutum ba, inuwa kawai suke gani su nutse. Saura talatin da huɗu, saura kuma yini ɗaya.

Ramla ta dubi kwalabe shidan, ta dubi ɗiyarta da laka har gwiwa, ta ɗauki mayafi ta fita. Gida gida ta bi. Ba ta ɓoye laifinta ba. Duk inda ta shiga sai ta ce, "Na zubar da maganin aikin ɗiyata bisa zato, ku zo ku taya ni biyan kaffara."

Da gari ya waye ranar Laraba, mata goma sha ɗaya suka hallara a bakin kududdufin da kwanduna da tsofaffin gidajen sauro. Shugabarsu a baki ita ce Sabah, maƙwabciyar Ramla, mace mai ƙiba da murya, wadda babu mai tsinkar auduga da sauri kamarta a ƙauyen.

Sabah ta ce, "Ya Ramla, 'ya'yan mutane suna zuwa Madani su dawo likitoci, taki ta dawo ungozomar kwaɗi."

Ramla ta ce, "Shiga ruwa dai, ya Haja. In kika shiga, rabin kududdufin zai fito tudu da kansa, mu tsince su a bushe."

Mata suka kwashe da dariya. Suka ɗaure zannuwa suka jeru kamar yadda suke jeruwa a layin auduga, suka shiga daga gefe ɗaya suna tafiya a hankali, suna kora kwaɗin zuwa ga gidan sauron da mutum biyu suka shimfiɗa a ɗaya gefen. Muhsina ta zauna a tudu da safar hannu. A kawo mata kwaɗo, ta shafa audugar, ta bar ta ta sha iska, ta cusa cikin kwalba mai gishiri, ta rubuta lamba. Wanda aka gama da shi a ajiye shi cikin randa mai ɗan ruwa don kada a sake kama shi.

Malam Sharfuddeen ya zo ya tsaya nesa kaɗan da sandarsa, yana cewa, "A hankali, bayin Allah. Kada wadda ta matse shi. Rai ne."

Sabah ta ɗago wani ƙato tana riƙe da shi da hannu biyu ta ce, "Malam, ga limaminsu na kamo. Dubi wuyansa, wallahi ya fi ka murya."

Ya ce, "Ya fi ni yawan zikiri kuma, Sabah. Ki gaishe shi da ladabi."

Kafin rana ta take tsaka an cika arba'in. Muhsina ta ƙirga kwalaben sau biyu. Aka karkata randar a bakin ruwa, kwaɗin suka fantsama suka koma, ba a rasa ko ɗaya ba. Sabah ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa, har mazan da ke gonakin dawa suka ɗaga kai suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Ranar Alhamis da safe karaka ta iso kamar yadda aka faɗa. Muhsina ta tsaya ta ga hannun ƙarfen ya kwashe lakar bakin tur'ar, ruwan babba ya kwararo ya haɗe da na ciki. Ta rungume jakarta, ta hau taraktar da za ta kai ta Managil.

Abin da ya rage shi ne sanin ko gishirin ya riƙe amana. Wannan kuwa ba a gane shi da ido, sai an kai ɗakin bincike an buɗe. Mako bakwai Ramla tana tambayar duk wanda ya sauko daga tudun babbar tur'a ko an kira. Ta rage cin abinci. Ta san in aikin ya lalace, babu wanda zai faɗa mata magana, kuma wannan shirun ne ta fi tsoro.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mota ta tsaya a ƙofar gida, domin hanya ta bushe. Muhsina ta fito da takarda a hannu. Ba ta ko ajiye jaka ba ta durƙusa gaban uwarta da baffanta a rumfa.

Ta ce, "Talatin da takwas cikin arba'in sun karantu, Inna. Duktura ta ce ko da sibirto ba a cika samun haka ba. Kuma kwaɗin tsohuwar tur'a suna ɗauke da nau'o'in gado guda biyar da ba mu gani ba a sauran tur'a shidan. An karɓi aikina. Watan gobe zan tsaya gaban malamai in kare shi."

Malam Sharfuddeen ya fuskanci alƙibla ya yi sujadar godiya a kan tabarmar. Ramla ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi, ba a san kuka take ko dariya ba. Da ta buɗe sai ta ce, "Biyun da suka ƙi fa? Na ranar Talata ne ko? Na gaya miki kaskon bai gama zafi ba."

Muhsina ta ce, "Akwai saura. Duktura tana da ɗalibai da ke aiki a ƙauyukan da babu lantarki, wajen Sinja da Damazin. Ta ce in rubuto mata yadda aka yi gishirin, daki-daki, da sunan wadda ta yi shi, a koya musu."

Ramla ta dubi Malam, ta dubi ɗiyarta. Ta gyara zama a kan tabarma, ta miƙe bayanta kamar mai shirin ba da karatu.

Ta ce, "Ɗauko alƙalami. Rubuta da Bismillah. Sannan ki rubuta: Ramla ɗiyar Ali, ta Hillat Gado, ta ce a fara da wanke tukunya sau uku. Ki ja layi ƙarƙashin uku ɗin, na san halin 'yan jami'a."